Maciji a Bakin Ruwa: Da Me Ake Auna Jarumi?

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu. Baƙo ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwan da zai ba dokinsa, aka ce masa ai ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, saboda macijin da ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin da takobin da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Gari ya waye mutane suna ɗibar ruwa yadda suke so. Mukan koya wa yara wannan labari a matsayin tushen Hausa Bakwai, mu wuce, ba mu tsaya mun tambayi abin da ya sa muke kiran mutumin jarumi ba.

Ba mu kaɗai ke da maciji a bakin ruwa ba. A tsofaffin waƙoƙin Indiya na Rigbeda, wani ƙaton maciji mai suna Biritira ya tare ruwaye, sai da Indra ya kashe shi koguna suka gudana. Kusa da mu kuma, Soninkawa na tsohuwar daular Wagadu, wadda littattafan tarihi ke kira Gana, suna da Bida, macijin da ke zaune cikin rijiya. Yarjejeniyarsu da shi ita ce kowace shekara a ba shi budurwa guda, shi kuma ya saukar musu da ruwan sama da zinariya. Shekarar da zaɓe ya faɗa kan Siya Yatabare, sai saurayinta Mamadi ya laɓe, ya fille kan macijin. Kan ya tashi sama yana tsinuwa, aka yi fari shekara bakwai, zinariya ta koma wata ƙasa, mutanen Wagadu suka watse.

To ga aiki iri ɗaya, sara da takobi a bakin rijiya, amma a Daura ya kawo ruwa, a Wagadu ya ƙafar da shi. In da sakamako ake auna jarumi, Bayajidda ya tsira, Mamadi ya zama mai kashe gari. Sai dai wanda ya yarda da wannan hukunci ya yarda ke nan cewa daidai ne a ci gaba da miƙa 'yar mutane ga maciji kowace shekara muddin rumbu na cika. Ba mu jin akwai uban da zai faɗi haka in 'yarsa ce aka yi wa lalle. In kuwa da niyya za mu auna, sai lissafin ya juye. Mamadi rai ya je ceto. Bayajidda kuwa, in za mu faɗi gaskiya, ƙishin dokinsa ne ya kai shi rijiya, bai san Daurawa ba balle ya ji tausayinsu. Kuma kada a manta shi ne ya baro matarsa, 'yar Sarkin Barno, da ciki a Garun Gabas ya yi gaba. Labarin bai ɓoye wannan ba, mu ne muke tsallake shi a aji.

Magabatan da suka shirya waɗannan labarai ba su ɗauki jarumansu waliyyai ba. Waƙar Iliyad ta Girkawa da fushin Akilis ta fara: an ƙwace masa wata baiwa daga cikin ganimarsa, ya yi zuciya ya koma hemarsa ya zauna, 'yan'uwansa suna ta mutuwa a fagen fama, har sai da aka kashe amininsa sannan ya tashi. Gilgamesh na birnin Uruk, wanda aka tono allunan labarinsa a kufan Ninawa, Joj Simit kuma ya karanta sashen ruwan ɗufana a cikinsu a 1872, da zalunci ya fara, har talakawansa suka kai kuka sama. Ya yi yawon neman maganin mutuwa, ya samo wani tsiro a ƙarƙashin teku, ya tsaya wanka a wani tafki, maciji ya zo ya ɗauke. Ya koma gida hannu rabbana, ba shi da abin nunawa sai ganuwar birninsa.

Mu ma muna da tamu ganuwar. Wanda ya je Surame a ƙasar Binji zai ga abin da ya rage na ginin duwatsun Kanta. Shi ma, kamar Akilis, kan rabon ganima ya ɓata da Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516, ya tsayar da Kabi da ƙafarta. Muna alfahari da shi, kuma ya cancanta. Amma labarin baka ya ce wasu da suka makara wajen aikin ganuwar an tilasta musu kwaɓa ƙasa da man kaɗanya maimakon ruwa. Maroƙa kan faɗi wannan don nuna ƙarfin Kanta. Ba mu taɓa jin an tambayi ko mata nawa suka kwana tsintar kaɗanya ba.

Daga nan muke ganin akwai ma'auni na uku, wanda ya fi sakamako da niyya saukin dubawa: da dukiyar wa jarumi ya yi caca? Bayajidda a bakin Kusugu wuyansa kaɗai ya miƙa. Akilis da rayukan wasu ya biya bashin fushinsa. Mamadi ya jawo wa gari fari, gaskiya ne, amma ba shi ya ɗaura abincin gari a wuyan budurwa ba, dattawan da suka ƙulla yarjejeniyar su suka yi.

Inda ma'aunin ke ba mu wahala shi ne cikin gidanmu. Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Turawa ta ci Sakkwatawa a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai cika wata shida kan mulki ba, ya zaɓi hijira zuwa gabas. Jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu Shuɗi. Waziri Buhari kuwa ya fita zuwa Marnona da wani sashe na jama'a, ya shawarci malamai, ya komo birni ya zauna da Turawa, aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba.

Attahiru ya cika kowane sharaɗi na jarumin waƙa: ya ƙi miƙa wuya, ya mutu a fage, yana da rana guda da za a nuna a ce ga ta. Ba mu rage masa komai ba, domin inda mabiyansa suka faɗi nan shi ma ya faɗi. Amma tsofaffi da masu goyo da makafin da ba za su iya takawa har Burmi ba fa, wa zai tsaya tsakaninsu da masu bindiga? Wazirin da ya komo bai sa ransa a caca ba, sunansa ya sa, kuma a wurin mutanen da suka tashi a gidan jihadi suna ya fi rai tsada. Akilis ya gwammace gajeren rai da dogon suna. Buhari ya ɗauki akasin haka da idonsa buɗe, ya san za a ce ya ji tsoro.

Makaɗa ba su da kiɗan irin wannan aiki, don ba a yin sa rana ɗaya, kuma mai yin sa ba ya samun natsuwar da mai takobi ke samu. Waziri Buhari ya zauna ya rubuta wasiƙa da Larabci zuwa ga ma'abota ilmi da tunani, yana bayyana dalilinsa da irin fargabar da ta kama shi game da addininsa bayan ya komo, har sai da malamai suka kwantar masa da hankali. Farfesa Adeleye ya yi nazarin wasiƙar a 1968. Shekara uku bayan Giginya, a 1906, aka haifa wa Buhari ɗa a birnin nan da ya ƙi bari, aka raɗa masa Junaidu, wanda ya zama Waziri, ya tattara takardun daular ya rubuta tarihinta, har da labarin waɗanda suka tafi Burmi, kafin rasuwarsa a 1997.