Rikicin Dokar Farauta a Birtaniya: Ko Gaskiya Tana Ɓaci Saboda Niyyar Mai Faɗinta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Kwanakin baya muna karanta babin farauta da yanka a cikin Risala ni da ɗalibaina, sai wani daga cikinsu ya yi mini tambaya. Ya ce, "Malam, idan hukuma ta hana wani abu wanda ya cancanci a hana, amma kowa ya san waɗanda suka kawo dokar sun kawo ta ne don su ƙuntata wa abokan hamayyarsu, to wannan doka adalci ce ko zalunci?" Na ce masa ya ba ni mako guda. Da na zauna ina nazari, ban sami misalin da ya fi dacewa da tambayar ba kamar rikicin da mutanen Birtaniya suka daɗe suna yi a kan farautar dila da karnuka.

Dilan da ake magana a kansa ja ne, ya yi kama da yanyawarmu, sai dai ya fi ta girma. Ɗaruruwan shekaru masu filaye a karkarar Ingila suka yi suna fita a kan dawakai, shugabanninsu sanye da jajayen riguna, ana busa ƙaho, ga garken karnuka a gaba. Karnukan su bi sansanar dila, mahaya su bi su a sukwane suna tsallake shinge, har dabbar ta gaji a cim mata, karnuka su kashe ta. Ba a cin namanta. Masu wannan al'ada sun ce dila yana kashe wa manoma 'yan tumaki da kaji, don haka farautarsa taimako ne. Masu ƙinta kuwa sun ce azabtar da dabba ce don nishaɗi kawai.

Gwamnatin Tony Blair ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Lord Burns, ya miƙa rahotonsa a shekarar 2000. Kwamitin ya ƙiyasta cewa ayyukan mutum 6,000 zuwa 8,000 sun rataya a kan farautar, ya kuma tabbatar da cewa dila yana shan wuya ƙwarai a cikinta, amma bai ce a hana ko a bari ba, domin ba a ɗora masa wannan ba. Sikotlan, wadda ta sami majalisar kanta a 1999, ta riga kowa ta yi dokarta a 2002. A watan Satumba na wannan shekara mutum fiye da 400,000 suka cika titunan Landan suna nuna rashin yarda da hanin da ake shirin yi a Ingila da Wels. Majalisar Wakilai ta amince da dokar, Majalisar Dattawa ta ƙi, har sai da aka yi amfani da wata doka ta musamman wadda ke ba wakilai ikon tsallake dattawa, a watan Nuwamba 2004. Hanin ya fara aiki ranar 18 ga Fabrairu 2005. Daga cikin ƙofofin da dokar ta bari akwai wannan: manomi yana iya sa karnuka, amma kada su wuce biyu, su kore masa dila daga ɓoye ya harbe shi da bindiga.

To, a cikin wannan labari akwai tambayoyi uku, kuma kuskuren mutane da yawa shi ne cuɗa su wuri ɗaya.

Tambaya ta farko ita ce, shin farautar kanta daidai ce? Mu Musulmi ba mu da ruɗani a kan asalin farauta. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobi suka kamo, kuma Adiyyu ɗan Hatim, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, hukuncin farauta da kare, aka ba shi amsa dalla-dalla. Amma halaccin yana da dalili, watau abinci. Shi ya sa mai Risala ya rarrabe farautar bukata da farautar wasa, ya sanya ta farko cikin halal, ta biyu cikin makaruhai. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara. Haka kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausi ya wajabta kyautatawa ko a wajen kisa, har ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba.

Idan muka ɗora farautar dila a kan wannan ma'auni, sai mu ga kau da ɓarna halal ne, amma gwargwadon bukata, kuma ta hanyar da ta fi sauƙin wahala. Wanda dila ya addabi garkensa yana da haƙƙin kashe shi. Amma a tara mahaya da karnuka a yi ta korar dabba guda tsawon lokaci, alhali kuwa harsashi guda zai iya gama aikin, wannan ya fi kusa da wasa. Tarihi ma ya ba da shaida. A ƙarni na 19 Turawa sun ɗauki wannan dila da kansu sun kai shi Ostareliya, inda babu shi da, don kawai su sami abin farauta, ya yaɗu ya zama annoba ga dabbobin ƙasar. Wanda ke son rabuwa da ɓarawo ba ya ɗauko shi ya kai sabon gida. Cewar "al'adarmu ce" kuma ba ta isa hujja ba, domin malaman usulu sun ce ana aiki da al'ada ne muddin ba ta ci karo da abin da ya fi ta ƙarfi ba. Saboda haka a kan tambaya ta farko, masu hanin sun fi kusa da gaskiya.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Shin ya halatta mutanen birni, waɗanda ba su taɓa tashi da safe sun tarar da gawar ɗan tunkiya a bakin garke ba, su yi amfani da yawan ƙuri'arsu su yanke wa mutanen karkara yadda za su zauna? Yawancin wakilan da suka goyi bayan hanin na jam'iyyar Leba ne, ƙarfinta kuwa yana birane, yayin da karkarar Ingila ta fi karkata ga jam'iyyar Konsabatib. Kuma cikin masu kuka akwai waɗanda ba attajirai ba ne, ba sa hawan doki da jar riga. Makiyayan tumaki na tsaunukan Wels sun daɗe suna sa garken karnuka su kore dila daga cikin kurmi zuwa bakin bindiga, sun kuma ce karnuka biyu ba su isa wannan aiki a babban daji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shari'a ta yarda shugaba ya taƙaita abin da yake halal saboda maslahar jama'a. Manzon Allah ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin baitulmali. Amma ku dubi yadda Umar ya yi. Da ya naɗa baransa Hunayyu mai tsaron keɓaɓɓen fili, ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga su yi kiwo, amma ya hana garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan. Dalilinsa shi ne su biyun in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa sai ƙofar Umar. Bai kuma ɓoye ba, ya amsa cewa mutanen wurin suna ganin an zalunce su domin ƙasarsu ce, kuma ba don larura ba da bai taɓa musu ko taƙi guda ba. Darasin a fili yake. Mai doka yana da ikon hani, amma wajibi ne ya san wa zai ɗauki nauyin hanin, ya rarrabe mai wasa da mai neman abinci, ya kuma amsa da bakinsa cewa akwai wanda ya yi hasara. Rinjayen ƙuri'a yana ba da iko, amma ba ya sauke wannan nauyi.

Sai tambaya ta uku, wadda ita ce ta ɗalibina. Jim kaɗan bayan an zartar da dokar a 2004, wani wakilin Leba ya rubuta a jarida cewa gwagwarmayar ba ta tsaya ga tausayin dabba ba, akwai yaƙi da ajin masu filaye a cikinta. Tony Blair kansa ya rubuta a 2010 cewa yana nadamar dokar. Amma abin da ya fi bayyana lamarin shi ne na 2015. Gwamnatin David Cameron ta kawo gyara wanda zai cire iyakar karnuka biyu a Ingila da Wels, watau a daidaita su da Sikotlan, inda a lokacin babu iyaka ga adadin karnukan da za su kore dila zuwa ga maharbi. Jam'iyyar Kishin Sikotlan, wadda ake kira SNP, a lokacin tana da kujeru 56 daga cikin 59 na yankinta, kuma ta saba ƙaurace wa ƙuri'a a kan abin da ya shafi Ingila kaɗai. 'Yan watanni kafin nan shugabarta Nicola Sturgeon ta ambaci farautar dila a matsayin misalin abin da ba za su sa baki ba. Amma da lokaci ya yi sai suka ce za su jefa ƙuri'ar ƙi, ba su kuma ɓoye ba cewa ɗaya daga cikin dalilansu shi ne su tuna wa gwamnati ƙarancin rinjayenta, wanda kujeru 12 ne kacal. Ranar 14 ga Yuli 2015, ana gobe ƙuri'a, gwamnati ta janye gyaran.

Ga fa wuyar al'amarin. Idan gyaran zai buɗe ƙofar komawa ga tsohuwar farauta, kamar yadda masu ƙinsa suka yi zargi, to hana shi alheri ne. Amma waɗanda suka hana shi sun hana wa maƙwabci abin da suka bar wa kansu, a kan lamarin da wakilan Ingila ba su da ikon taɓa nasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Allah Ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narko a kan masu mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, malamai kuwa sun ce gargaɗin bai tsaya a kasuwar hatsi ba. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuma ta yi mana kashedi kada ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu a kan barin adalci. Adalci ya sa in faɗi cewa daga baya Sikotlan ta gyara mudunta, domin a 2023 ta yi sabuwar doka wadda ita ma ta tsayar da karnuka biyu, sai in da lasisi.

Amsar da na ba ɗalibina ita ce, gaskiya ba ta ɓaci saboda niyyar mai faɗinta. Bukhari ya ruwaito cewa Shaiɗan ne ya sanar da Abu Huraira falalar karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, Annabi kuma ya gaskata maganar tare da tabbatar da cewa mai faɗinta maƙaryaci ne. Saboda haka wanda doka ta hana shi mugun aiki ba shi da ikon fakewa da cewa maƙiyansa ne suka kawo ta. Azabar da dila yake sha ba ta raguwa don mai kare shi munafuki ne. Amma mugunyar niyya tana da hasara biyu. Ta farko a kan mai ita take, domin ayyuka suna tare da niyyoyinsu, wanda ya hana zalunci don ya ci mutuncin abokin gaba ya sami abin da ya nema, ba shi da lada a wurin Allah. Ta biyu kuwa a kan dokar take. Dokar da mutane suka ɗauka bulalar abokan gaba ce ba ta shiga zuciya, sai a bi ta a fili a zagaye ta a ɓoye. Bayan hanin, mafarauta sun koma ja wa karnuka tsumma mai wari su bi maimakon dila, masu adawa kuma suka yi ta zargin cewa hila ce kawai ana ci gaba da kisa a bayanta, har jam'iyyar Leba ta shiga zaɓen 2024 da alkawarin hana wannan ma. A Ayalan ta Arewa kuwa, majalisarsu ta yi watsi da ƙudurin hani a watan Disamba 2021, da ƙuri'a 45 a kan 38. Ƙasa ɗaya, dabba ɗaya, amma shekara ashirin bayan doka zukata ba su haɗu ba.

Mu da muke zaune a ƙasashe masu jihohi da yankuna, inda kowace doka a kan daji ko kiwo ko gona ake fara tambayar ɗan ina ne ya kawo ta kafin a tambayi abin da ta ƙunsa, bai kamata mu karanta wannan labari muna dariya ba. Idan an kawo maka hani, tambayi kanka ko da ɗan garinku ne ya kawo shi za ka ƙi shi. Idan kai ne mai kawo hanin, tambayi kanka ko za ka yarda a fara zartar da shi a ƙofar gidanka, ko ka zauna da waɗanda zai taɓa abincinsu ka ji ta bakinsu. Wanda ya iya amsa waɗannan tsakaninsa da Allah ba tare da ya sunkuyar da kai ba, to ya jefa ƙuri'arsa da natsuwa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, ko daga bakin wa ta fito, Ya tsare mu daga zaluntar mutum da dabba. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.