Maɓallin Da Ke Kusa Da Sitiyari

A shekarar 1995 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na ƙasar Jamus suka fito da wata na'ura mai hana mota zamewa, wadda ake kira ESP ko ESC. Aikinta shi ne ta riƙa gwada inda direba ya karkata sitiyari da inda motar ta nufa. Idan suka saɓa, sai ta rage ƙarfin inji, ta kama birkin taya ɗaya tak, motar ta dawo kan hanya. Bayan da wata ƙaramar Mercedes ta kife a wani gwaji a Suwidin a 1997, sai na'urar ta fara yaɗuwa. Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014.

To, amma a motoci da yawa akwai maɓallin kashe ta. Masu tuƙin nishaɗi sukan ce da zarar tana kunne, ba su ke tuƙi ba, tuƙa su ake yi. Daɗin, in ji su, yana cikin jin bayan mota ya sulale a kwana, mutum ya tsamo ta da hannunsa. Ba za mu raina wannan magana ba. Duk wanda ya taɓa sukuwa a kan doki ya san akwai wani daɗi da ba ya samuwa sai a bakin haɗari, kuma da kasada ɗan Adam ke koyon gwaninta.

Sai dai akwai abu biyu. Na farko, direba ƙafar birki ɗaya gare shi, tana kama tayu huɗu a lokaci guda, ita kuwa na'urar tana zaɓen taya ɗaya kafin ƙiftawar ido. Komai gwanintar mutum, wannan ya fi ƙarfin ƙafarsa. Binciken masu inshora a Amurka ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi a haɗurran da mota ɗaya ke yi ita kaɗai.

Na biyu, wanda ya fi nauyi: ran wa aka sa a caca? A filin tsere irin na Nürburgring, duk wanda ya shiga ya san abin da ya tara, ya kuma yarda. A titin gari kuwa, yaro mai tsallaka hanya da mai tallan goro ba wanda ya shawarce su. Abin da ya raba wasan motar da samarinmu ke yi a bikin aure da wasan filin tsere ke nan. Mutum na iya kasada da abin da ya mallaka, amma ran wani ba nasa ba ne.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, a danna maɓallin idan mota ta kafe a rairayi ko taɓo, ko a killataccen fili. A kan kwalta, a bar shi yadda aka same shi. Idan mun kashe shi da hannunmu aka yi asarar rai, kada mu ce tsautsayi ne, ganganci ne. Allah Ya kiyaye mu.