Araha Ba Ta Ado, To Amana Fa?

Wata biyu da suka wuce na sayi kwaɗo a kasuwar Mboppi saboda ɗakin da nake ajiye kaya a New Bell. Mai ruwan zinari ne, sai ƙyalli yake yi, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Kwana tara ya yi a ƙofa. Ran na goma ƙaramin ɗana ya zura masa mabuɗin akwatin uwarsa, sai ga shi ya buɗe. Da na mayar wa mai shago, ko dubawa bai yi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, nawa ka saya? Ai araha ba ta ado."

Na rasa amsa, na dawo gida maganar tana ci mini rai. Shin wanda ya biya kaɗan ya sayar da haƙƙinsa na yin ƙorafi ke nan?

Bayan Magariba na kawo zancen a majalisarmu. Akwai wani dattijo, tsohon soja, wanda ba ya gajiya da hirar makamai. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da bindiga ce da ba ka rasa amsa ba." Sai ya kawo misalin ƙananan bindigogi biyu. Ɗaya Tokarev ce ta Tarayyar Sobiyet; waɗanda aka ƙera cikin gaggawar Yaƙin Duniya na Biyu jikinsu kaushi ne, ana ganin sawun injin da ya yanke ƙarfen. Ɗayar ita ce SIG P210 da sojojin Suwizalan suka ɗauka a 1949, wadda ta yi suna wajen santsi da yadda sassanta ke zama daram cikin juna. Ya ce wanda ya riƙe ta farko ba ya kukan kaushi, don ya san abin da aka ba shi. Amma ranar da ya ja kunama ta ƙi tashi, ko ta tashi ba a taɓa ta ba, babu mai ce masa "nawa ka saya?"

A nan na ga inda mai shago ya murɗe karin maganar. Magabata cewa suka yi araha ba ta ado, ba su ce ba ta aiki ba. Rahusa tana iya cinye fenti da gugar ƙarfe da kyan kwali. Amma kwaɗo alkawari ɗaya ya ɗauka, shi ne ya ƙi kowane mabuɗi sai nasa. In ya saɓa wannan, ba kwaɗo mai araha aka sayar mini ba, wani abu ne mai kama da kwaɗo. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke wannan: mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da ɓoyayyen aibi, kuma ba su keɓe hukuncin ga masu kuɗi ba. Mun kuma san labarin Manzon Allah (SAW) da ya sa hannu cikin tarin abincin sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba.

Mai tsada ma yana da nasa haƙƙin. A da nakan yi wa mata dariya in na ga suna ɗaga atamfar Holan a rana suna neman tabo. Na daina. Adon nan shi suka biya, rabin kuɗin nasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne Tokarev ɗin Baba muninta a waje yake, kowa na gani. Kwaɗona kuwa ya yi adon da aka ce araha ba ta yi, kuma kuɗin adon daga cikinsa aka cire, inda idona ba ya kaiwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, da hannuna a ciki. A kan teburin nan akwai wani baƙin kwaɗo mai nauyi, mummuna, kuɗinsu kusan ɗaya. Na ɗaga shi na ajiye. Mai ƙera kaya yana lura da abin da hannun irina ke ɗauka, shi yake ƙara yi.

Jiya na koma Mboppi da mabuɗai bakwai a aljihu. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan baƙin kwaɗon, mai shago yana ta harara, kafin na ƙirga masa kuɗinsa.