GIDAN LIKITA AMANA NE A WUYANMU

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan uwa Musulmi, malaman tarihi sun ruwaito cewa a shekara ta 5 bayan hijira, da aka raunata Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Gwalalo, Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi cikin hemar Rufaida, mai jinyar raunana, a masallacin Madina, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Ashe ke nan, sha'anin majinyata bai taɓa yin nesa da masallaci ba. To, mu fa, yaushe rabonmu da leƙa gidan likitan unguwarmu ba tare da ciwo ya kai mu ba?

Tun bayan taron Bamako na 1987, ƙasashenmu suka ɗauki tsarin biyan kuɗin magani, aka kuma kafa kwamitoci na mutanen gari, waɗanda ake kira COGES, domin su sa ido kan kuɗi da magunguna. A 2005 Nijar ta mai da fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Binciken ƙasa ya nuna cewa a 1992, cikin yara 1000, guda 318 ke rasuwa kafin su cika shekara 5. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Wannan ni'ima ce, wajibi ne mu gode.

Sai dai gyaran bai tsira daga cikas ba. An yi shekaru gwamnati na jinkirin biyan gidajen likita kuɗin aikin kyautar, har magani ya riƙa yankewa, uwa ta zo da ɗanta jiki zafi, ta koma da takarda kawai a hannu. A irin wannan hali, wa zai yi magana in mu mun yi shiru?

Allah Ya umurce mu cikin Suratun Nisa'i da mu mayar da amana ga masu ita. Kuɗin da talaka ya sayar da tiyar hatsinsa ya biya amana ne. Don haka muna kira:

Na farko, in an kira taron zaɓen kwamiti, mu halarta, mu zaɓi mai tsoron Allah, ba mai dangi da yawa ba. Mata ma su samu kujera, don su ne ke kwana da majinyaci.

Na biyu, mu nemi a karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a. Tambaya ba zargi ba ce. Mai gaskiya ba ya tsoron awo.

Na uku, duk wanda ya biya, ya karɓi takardar shaida. Wanda aka wulaƙanta, ya kai kuka ga kwamiti cikin ladabi, kada ya tsaya ga gunaguni bakin kasuwa.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, mun san kuna aiki dare da rana, cikin ƙarancin kaya. Ku ji tsoron Allah game da maganin kyauta, kada ya bi ta bayan gida zuwa tebur. Sakin fuska ga marar lafiya sadaka ne.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.