Hukuncin funfunar da ambaliya ta bari a ɗaki da shimfiɗar sallah

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, muna cikin mutanen Gwange da ruwa ya ci gidajensu a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Ruwan ya gauraya da na masai. Da muka koma, bango ya yi baƙar funfuna, kafet da katifu suna tsami. Mun wanke da Hypo da omo, amma wani ya ce tsarki bai samu ba sai an kwarara ruwa zalla. To duk sanda muka kwarara, funfunar sai ta dawo. Funfuna najasa ce? Sallarmu a ɗakin ta yi? Zubar da kayan almubazzaranci ne?

Amsa: Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Funfuna ba najasa ba ce. Tsiro ne da laima ke haifarwa, kuma asalin abubuwa tsarki ne. Wanda ya yi sallah bango yana baƙi a gabansa, ko tabon funfuna yana jikin rigarsa, sallarsa ta yi, babu ramuwa a kansa. Abin dubawa shi ne ruwan da ya shiga ɗakin, kuma nan ne ake ruɗewa.

A mazhabar Malik ruwa mai yawa ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita saboda najasa. Jar lakar da ruwan kogin Ngadda ya kwaso ba ta najasantar da shi. Idan kun ga bayan gida da idonku a cikin ruwan ɗakin, ko warin masai ya bayyana a jikinsa, abin da ya taɓa sai an wanke. Idan kun tabbata akwai najasa amma kuna shakkar ko ta kai ga wata darduma, yayyafi ya wadatar, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil. Idan kuwa shakkar a kan ruwan ne shi kansa, najasa ne ko a'a, ko yayyafin ma ba a ɗora muku ba.

Wanda ya ce muku wankin Hypo bai isa ba, yana da gaskiya ta fuska ɗaya. Ruwan da omo ko Hypo ya canza ya fita daga mudlaƙi, wato ruwa zalla, yana gusar da ainihin najasa amma hukuncinta yana nan, a mashhurin mazhaba, sai an bi da ruwa zalla. Hanafawa sun sauƙaƙa: a wurinsu duk ruwa-ruwa mai tsarki da ya gusar da najasa ya tsarkake, ƙasa kuma tana tsarkaka da bushewa idan alamar ta tafi, Ibn Taimiyya ma ya zaɓi haka. Ni dai fatawata a kan mashhuri take: a yi ɗauraya ɗaya ta ƙarshe da ruwa zalla har ruwan ya fito garau. Ɗaya tak. Launi ko warin da ya ƙi fita bayan an yi ƙoƙari an yafe shi.

Inda mutumin nan ya kuskure shi ne sa ku kuna kwarara ruwa a bango. Wa ya ce tsarkin bango sharaɗin sallah ne? Abin da ake nema shi ne jiki, da tufa, da wurin da gaɓɓai suke taɓawa. Ko daɓen ɗakin yana da najasa busasshiya, aka shimfiɗa tabarma mai kauri mai tsarki a kai, sallah ta inganta. Maimaita jiƙa bango da kafet da sunan taka-tsantsan waswasi ne, kuma shi ne yake ciyar da funfunar, domin kwana ɗaya zuwa biyu na laima ya ishe ta ta tsiro. Ku daina daga yau.

Kada kuma wani ya ji na ce funfuna mai tsarki ce ya zaci barinta ya halatta. Guba ma ana iya samunta da tsarki, amma an hana shanta. Ƙurar funfuna tana tayar da asma, tana sa tari da ƙaiƙayin ido, tana kuma iya kama huhun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ƙa'idar gusar da cuta ta hau kan maigida a nan. Ya buɗe ƙofa da tagogi, ya sa takunkumi da safar roba, ya goge daɓe da bangon siminti da omo da buroshi a jiƙe don kada ƙurar ta tashi. Idan zai sa Hypo, kada ya wuce ƙaramin kofi ɗaya, kimanin mililita 240, a lita 4 na ruwa. Haram ne ya haɗa shi da maganin wanke banɗaki ko wani sinadari don ya ƙara ƙarfi, hayaƙin da yake fita yana ƙona huhu, yana iya kisa a rufaffen ɗaki. Bayan nan iska da rana har wurin ya bushe ƙayau. Abin da nake gani a wasu gidaje yana ɓata mini rai: a miƙa wa yarinya tsumma, ko mace mai ciki, ko tsohuwa mai tari, a ce ta kankare bango, magidanci yana zaune a waje. Wannan cin amanar kiwo ne.

Katifar soso, da kafet mai kauri, da silin na kwali da suka kwana biyu ko fiye a cikin ruwa, cikinsu ba ya bushewa yadda ya kamata, ko bayansu ya yi kyau. Zubar da su ba tozarta dukiya ba ne, tunda amfaninsu ya koma cuta. Na san akwai wanda ambaliya ta bar shi da katifar nan kaɗai. Shi ya wanke ta, ya shanya a rana kwanaki yana juyawa, kada jariri ko mai asma ya kwanta a kai, ya rabu da ita da zarar Allah ya hore. Kwamitin masallaci kuwa ba shi da wannan uzurin. A naɗe kafet a fitar, a yi sallah a kan tabarma. Goshin jama'a da hancinsu ne suke sauka a wurin sau biyar a yini.

Mus'hafi da littattafan da suka jiƙe a tsayar da su a buɗe a inuwa mai iska. Wanda ya manne ya ruɓe har ba ya karantuwa, a ƙona shi a fili cikin girmamawa, kamar yadda Sayyidina Usman ya yi, ko a binne a wuri mai tsarki.

Masara da gyaɗar da suka yi funfuna kada a ci, kada a sayar. Gubar da ke cikinsu tana lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 ne suka mutu sanadin irin wannan masarar. Haka mai gidan haya da zai shafa fenti a kan funfuna ya ba wani ba tare da ya faɗa masa ba: ha'inci ne, ya ɓoye aibi, kuma ɗan haya yana da haƙƙin warware yarjejeniyar idan ya gano.

Wallahu a'alam.