Ganganci ne ko Hikima? Tambaya Daga Kan Dutsen Kamaru

Masu karatu, yau za mu kai ku ƙasar Kamaru, wajen wani dutse da ke bakin teku, wanda tsawonsa ya haura ƙafa 13,000, watau fiye da mita 4,000. Duk Afirka ta Yamma babu kamarsa. Amma abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, dutsen nan yana aman wuta, ga shi kuwa mutane sun kewaye gindinsa da gidaje da gonaki.

Mai son hawa yakan tashi daga garin Buea, ya bi ta cikin gonaki, kāna ya shiga kurmi mai duhu, itatuwa sun haɗe kai, raɓa na ɗiga. In ya yi nisa sai kurmin ya yanke, ya fito fili mai ciyawa. Gaba kuma ciyawar ta ƙare, sai baƙin dutse da toka da iska mai tsananin sanyi. Akwai bukkoki uku a hanya inda matafiya ke yada zango, gama yawanci sai an kwana. In hazo ya yaye, mutum ya waiwaya, sai ya hangi teku da gonakin ayaba da na kwakwar manja shimfiɗe a ƙasa, kore shar.

To, a nan tambayar take. Baƙin dutsen da matafiyi ke takawa, dā narkakken dutse ne mai gudu ja wur. A 1909 dutsen ya motsa har Jamusawa masu mulki suka bar Buea suka koma Duwala na ɗan lokaci. A 1922 narkakken dutsen ya gangara har cikin teku. A 1999 ya yanke hanyar mota kusa da ƙauyen Bakingili, aka kwashe mutanen ƙauyen, bayan ƙura ta lafa suka komo. A shekarar 2000 ya sāke. Wanda ya ga wannan duka, ya koma ya kama fatanyarsa a wuri guda, me za mu kira shi? Mai ganganci ko mai hikima?

Wanda ya zo yawon buɗe ido da guzuri a jaka, da sauri zai ce ganganci ne. Mu dai ba mu yarda ba, domin dalili biyu.

Na fari, wutar nan da ke ƙone gona ita ce ta yi gonar. Narkakken dutse da toka, in sun daɗe suna shan ruwan sama, sai su ruɓe su zama ƙasa mai albarka. Ruwa kuwa ba a maganarsa, gama a Debundscha, yamma da dutsen, akan sami wajen milimita 10,000 a shekara. Mai hawa da kansa zai ga ƙananan tsire-tsire sun fara ɓullowa cikin tsagar tsohon dutsen. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Manomin fadama ma ya san ruwan da ke ba shi shinkafa shi ne wata shekara ke cinye ta, bai kuwa bar fadama ba.

Na biyu, kafin mu zargi mutum da zama kusa da haɗari, ya kamata mu tambaya ko yana da wurin zuwa. Mutanen Bakweri nan kakanninsu suke tun kafin zuwan Turawa, Jamusawa kuma suka karɓe mafi kyawun ƙasarsu suka yi manyan gonaki, aka matse su a 'yan wurare. Ba daidai ba ne mai ƙoshi ya tsaya bisa tsauni yana yi wa wanda aka matse wa'azin ƙaura.

Amma fa kada a ce mun wanke kowa. A ganinmu ganganci yana cikin mantuwa. Dutsen nan ba ya cin amana: kafin aman 1999 ƙasa ta yi ta girgiza har gidaje suka tsage a Buea. Ruwa ba ya tsami banza. Mai hikima shi ne wanda ya ci amfanin ƙasar, amma kunnensa na ga dutsen, ya san hanyar fita, in an ce a tashi ya tashi, bai tsaya jayayya saboda akuya ko buhun koko ba. Mai ganganci kuwa shi ne wanda shekara ashirin na lafiya suka sa ya ce wutar ta mutu. Nauyin ma ya fi yawa bisa hukuma, wadda ke da na'urorin auna girgizar ƙasa, ita ke ba da izinin gini, ita ce kuma za ta faɗa wa talaka gaskiya a kan lokaci.

Saboda haka, jama'a, duk wanda Allah ya nufa da hawan dutsen nan, ya more wa idonsa, amma in ya sauko ya gai da manomin da ya tarar a gindinsa da girmamawa. Shi baƙo kwana biyu ya yi da dutsen, manomi kuwa da shi zai tashi gobe. Allah ya ba mu idon ganin alama, ya kuma kiyashe mu da mantuwa. Amin.