Tauye Mudu a Fagen Ilimi: Hakkin Mata Masu Binciken Ƙwayar Halitta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kowa ya san labarin Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da mutanen Madyana, waɗanda ya yi wa gargaɗi a kan tauye mudu da sikeli da rage wa mutane kayansu, kamar yadda ya zo cikin Suratu Hudu. Yawancinmu idan muka ji wannan labari sai hankalinmu ya tafi kasuwa, wajen 'yan awo. To, tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin wanda ya ci moriyar ilimin wani, sa'an nan ya ɓoye sunansa ko ya hana shi matsayin da ya cancanta don kawai mace ce, shi ma bai tauye mudu ba?

Za mu ɗauki misali daga ilimin ƙwayar halitta. Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su ne da waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya ganin yawancinsu sai da madubin ƙara girma. A tsakiyar ƙwayar akwai waɗansu zarurruka da ake kira kuromosom, su ne ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. Na ɗan Adam guda 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba.

Akwai wata mace a Amurka mai suna Nettie Stevens, an haife ta cikin 1861. Ta yi shekaru tana koyarwa a makaranta tana tara ɗan abin da ta samu, ba ta shiga Jami'ar Stanford ba sai tana da shekara 35. Cikin 1905 ta duba ƙwayoyin wani ƙwaro mai cin garin hatsi, ta ga na mace suna da manyan zarurruka 20, na namiji kuwa manya 19 da ƙarami guda ɗaya. Daga nan ta gane cewa wannan ƙaramin zare, wanda yau ake kira Y, shi ne sanadin zama namiji. Haka abin yake ga mutane: ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y. Wani malami, Edmund Wilson, ya kai ga kusan irin wannan sakamako a shekarar, kuma aka daɗe ana ambatonsa ana mantawa da ita. Ta rasu cikin 1912 tana da shekara 50, kafin ta hau kujerar bincike da aka shirya mata a kwalejin Bryn Mawr.

Jama'a, ku dubi nauyin abin da wannan baiwar Allah ta gano. Mata nawa aka yi wa gori, ko aka sake su, wai don suna haihuwar 'ya'ya mata? Suratush Shura ta riga ta sanar da mu cewa Allah ne ke bayar da mata ga wanda Ya so, Ya bayar da maza ga wanda Ya so. Bincikenta ya nuna cewa ko ta fuskar sababi ma, abin ba daga matar yake ba. Ilimin da ya wanke mata daga zargi, mace ce ta kawo shi, amma aka rage mata nata mudun.

Haka kuma Barbara McClintock, wadda ta ƙare rayuwarta tana binciken masara. Ta bar Jami'ar Missouri cikin 1941 domin ba ta ga alamar ƙarin girma ba. Daga baya ta gano cewa waɗansu ƙwayoyin gado suna ƙaura daga wani wuri zuwa wani a jikin zaren, abin da ke sa a ga tsabar masara da dabbare-dabbaren launi. Da ta bayyana haka cikin 1951, kaɗan ne suka fahimce ta. Sai cikin 1983, tana da shekara 81, aka ba ta lambar yabo ta Nobel.

Wani zai ce: ai mai aiki don Allah ba ya neman suna, kuma riya tana ɓata aiki, to mene ne na damuwa da wanda aka ambata da wanda aka bari? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, amma an aza ta a inda ba wurinta ba. Ikhlasi farilla ce a kan mai aiki, tsakaninsa da Ubangijinsa. Adalci kuwa farilla ce a kan mai shaida da mai rabo. Idan manomi ya yi niyyar noma don Allah, wannan bai halatta wa mai awo ya rage masa hatsi ba. Wanda ya ce wa wanda ya zalunta, yi haƙuri ladanka na wurin Allah, alhali hakkin yana hannunsa, ya mai da wa'azi mayafin cuta.

Magabatanmu sun fi kowa sanin wannan. Ilimin Hadisi duk a kan isnadi aka gina shi, watau a ambaci wanda aka ji daga gare shi, namiji ne ko mace. Hadisai fiye da 2,000 aka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ba wanda ya goge sunanta ya sa na wani. Karima al-Marwaziyya, wadda ta rasu a Makka cikin 463 bayan Hijira, manyan malamai irin su al-Khatib al-Baghdadi sun karanta Sahihul Bukhari a wurinta. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, har yau da sunanta ake kiran ayyukanta.

Lalle an sami ci gaba. Cikin 1984 Elizabeth Blackburn da ɗalibarta Carol Greider suka gano sinadarin da ke gyara bakin zaren gado, kamar yadda ake ɗaure bakin igiya don kada ta warware, kuma cikin 2009 aka ba su Nobel tare da Jack Szostak, malama da ɗaliba kowa da sunanta. Amma matsala ɗaya ta rage, ita ce ta raino. Shekarun da mai bincike ke kafa ƙafarsa su ne shekarun haihuwa, kuma ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji ba su san ranar suna ba. Saboda haka ne Bajamushiya Christiane Nüsslein-Volhard, wadda ta sami Nobel cikin 1995, ta kafa asusu cikin 2004 don taimaka wa mata masu bincike da kuɗin ɗaukar mai taya su aikin gida da raino. Ba ta ce su zaɓi tsakanin ɗa da ilimi ba, sai ta rage musu kaya.

Mu ma muna da rabonmu. Cutar sikila, watau amosanin jini, cuta ce ta jajayen ƙwayoyin jini, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Koyon ilimin da al'umma ke bukata irin wannan farilla ce ta kifaya, kuma 'ya'yanmu mata suna karanta shi a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato. To, malamin da ɗalibarsa ta yi wahalar bincike ya fitar da shi da sunansa kaɗai, da shugaban da ya tsallake ta wajen ƙarin girma don ta tafi haihuwa, da mijin da ya yi alkawari gaban waliyyai cewa za ta ƙare karatu sa'an nan ya saɓa, kowannensu ya duba mudun da ke hannunsa. Hakkin bayi ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar wa mai shi ko ya yafe.

Allah Ya kiyashe mu cin hakkin wani, Ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.